Lallen Zinariya da Lemar Malam

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris na 1974, Zinariya ta rasu bayan sallar la'asar. Ta bar wa mijinta, Malam Abdussamad, ɗaki biyu a wani gidan haya a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, da tukwanen da bai san murfin kowacce ba, da itacen lalle guda ɗaya a cikin rabin duro a tsakar gida.

Allah bai ba su haihuwa ba. A shekara ashirin da biyu da suka yi tare, abin da suka raina har ya girma ya yi ƙiba shi ne gardama ɗaya, gardamar lema.

Malam marubucin wasiƙu ne. Kullum da safe yakan ɗauki tafiretarsa ya tafi kusa da gidan waya, ya zauna a gindin wata bishiya yana rubuta wa mutane koke da ban haƙuri da neman aiki, da Faransanci ko da ajami, gwargwadon wanda ake son a lallasa. A Yawunde aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci. Ya yi karatu har ya san sunan itatuwa da harshe uku, amma bishiyar da yake zama a ƙarƙashinta sai da ɗanta ya faɗo masa a kan tafireta ya gane ashe mangwaro ce.

Lallen kuwa, Zinariya ce ta zo da shi daga garinsu, Garwa, tana amarya, ɗan reshe naɗe a tsumma. Lemar ta Malam ce, baƙa mai mariƙin katako, ya saye ta a kantin wani Bagirike. To, da hadari ya haɗu, sai Zinariya ta ɗauki lemar ta ɗaure ta a kan lallen, mai lema kuma ya fita da tsohuwar jarida a ka.

Yakan ce, "Zinariya, tun da Allah ya halicci duniya, itace ruwa yake nema. Ke kaɗai kika samo wanda yake mura."

"Malam, kai in ka jiƙe za ka bushe. Shi ɗan arewa ne, bai saba ba."

"A wane littafi kika gani?"

"A wanda ba ka karanta ba."

Haka suke yi kowace damina, kuma a Yawunde damina sau biyu take zuwa a shekara, saboda haka gardamar ba ta taɓa yin yunwa ba.

Da aka yi sadakar bakwai, Malam ya kwance lemarsa. Ba don ƙeta ba, a ganinsa haƙƙi ne ya koma ga mai shi. Amma shi ma ɗan Adam ne. Ba zai iya zama a tsakar gida yana sharar hawaye gaban 'yan haya ba, don haka ya ja dutsen da yake alwala a kai ya kai shi gindin duron. Duk alwalar da zai yi a gida, a kan lallen ruwan yake zuba. Wannan ita ce ta'aziyyar da yake yi wa kansa, kuma ya tabbata babu wanda ya lura.

Kafin arba'in ganyen ya fara rawaya yana kakkaɓewa. Malam ya ɗauko babban ƙamus ɗinsa na Faransanci, ya tarar an rubuta cewa lalle ƙaramin itace ne na ƙasashe masu zafi. Ya rufe littafi. Wanda yake cikin zafi me yake buƙata? Ya ƙara masa bokiti ɗaya kowace safiya. Lallen ya ƙara lalacewa, Malam ya ƙara bokiti.

Ana cikin haka Njidda ya iso. Ƙanen Zinariya ne, uwarsu ɗaya, aikinsa koro shanu da ƙafa daga arewa zuwa kasuwar shanu ta Etoudi, a gefen Yawunde. Labarin rasuwar a hanya ya same shi, shanu kuma ba sa sauri don an yi mutuwa. Ya zauna a tabarma, aka yi addu'a, aka shafa, ya share ido da gefen rawani. Can ya tashi ya tsuguna gaban duron, ya riƙa jujjuya ganyen yana dubawa.

Tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, Njidda kuwa bai taɓa yafe rabonsa ba. Ya ce, "Mijin Adda, me yaron nan ya yi maka?"

"Shayar da shi nake yi."

"Na gani."

"Littafi ya ce..."

"Shi ka tambaye shi?"

"Itace yana magana ne?"

"Yana yi. Sai dai ba ya katse mutum, shi ya sa ba ku taɓa gaisawa ba."

Malam ya haɗiye wannan, don abin da ke gabansa ya fi girmansa. Ya ce, "In ka san ciwon, faɗa mini maganin."

"In na faɗa, za ka yi gardama da ni shekara ashirin da biyu, ni kuwa ina da shanu. Gobe kada ka je aiki. Ka zauna nan daga asuba zuwa magariba. Ba littafi, ba injin nan naka mai ƙwanƙwasa, ba magana ko da gaisuwa. Ka duba kawai."

"Na duba me?"

"Ka ga, har ka fara."

Washegari Malam ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ya zauna. Awar farko azaba ce. Yatsunsa suka riƙa buga gwiwarsa da kansu, a zuci ya rubuta wa Njidda wasiƙar cin mutunci mai shafi uku, har da gyaran waƙafi. Da wasiƙar ta ƙare bai sami abin yi ba, sai ido ya fara aikinsa. Ya ga tururuwa sun yi layi suna hawa bango ɗauke da fararen ƙwayayensu. Ya ga wani ƙadangare mai guntun wutsiya da yake da dutsensa na shan hantsi, kuma alamu sun nuna ya riga Malam zama a gidan. Ya ji ƙarar keken ɗinki daga zaure, da hayaƙin masu tsire na bakin titi yana sauya hanya in iska ta juya.

Sai ga Gali tela, mai haya a ɗakin zaure, ya fito da buta. Ya tsuguna gindin duron ya yi alwalarsa tsaf, ya juye sauran ruwan a kan lallen, ya ce, "Allah ya jiƙan Zinariya." Ya gai da Malam. Malam ya gyaɗa kai.

Bayansa Inna Saudatu, tsohuwa mai ƙosai, ta zo da ƙwaryar ruwan wankin wake ta tuttula. "Allah ya kai haske kabarinki, 'yar albarka." Ta juya ta gai da Malam, ya gyaɗa kai, idonsa ya yi jajir. Ta ce, "Wayyo bawan Allah, baƙin ciki ya ɗaure masa baki." Ta koma ta ɗebo wata ƙwaryar ta zuba a madadinsa.

Haka aka wuni. Matan gidan, da mazansu da suka dawo cin abincin rana, da wata baƙuwa da ta zo karɓar ɗinki aka gaya mata labarin marigayiya, kowa ya ba da sadakarsa. Kafin la'asar Malam ya ƙirga buta goma sha huɗu, ban da ƙoren Inna Saudatu, ban da bokitinsa. Sau uku yana buɗe baki ya tuna alkawari ya rufe. Bayan la'asar kuma sama ta kawo nata gudummawar, irin ruwan Yawunde da ba ya sallama. Ashe abin da tururuwa suke gudu ke nan tun da safe.

Da ruwan ya ɗauke, ya je ya tura yatsa a cikin duron. Yatsan ya nutse har gindi a cikin taɓo mai sanyi. Da ya zaro shi ya sansana, sai ya ji warin kwata.

Da wani mutum ne, da sai ya tara maƙwabta ya yi musu magana. Malam marubuci ne. Ya sami takarda mai kauri ya rubuta da ajami, da tawada mai kyau, cewa kada a ƙara zuba ruwa, ya rataye a reshe. Matan gidan ba su tsaya karantawa ba. Sun ga baƙaƙen Larabci rataye a jikin itace, kuma kowa ya san sunan wannan. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Nkomkana cewa Malam ya ɗaura wa lallen marigayiya laya. Da yamma ruwan sama ya wanke tawadar cikin duron, aka ce to yanzu ya zama rubutun sha. Washegari ya tarar da Inna Saudatu tana zuba ƙwarya ɗaya tana ɗibar rabin ƙwarya, za ta kai wa wata mai ciwon gwiwa.

A nan dai dole ya yi amfani da baki. Ya ce, "Inna, don girman Allah ku daina. Ruwan ne yake kashe shi."

Ta ce, "Ai mun sani."

"Kun sani?"

"Yo ita marigayiya ko da rani sau ɗaya take ba shi a mako, rabin buta. Wanda ya matso da ruwa kuwa da muciya take bin sa."

"To me ya sa kuke zubawa?"

"Mun ga kana zubawa. Kai ne malami. Muka ce ko wani sabon ilimi ne ya fito."

Malam ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. A duk littattafan da ke jere a bango babu wanda ya taɓa marinsa haka.

Da Njidda ya dawo ya ji labari, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Sannan ya ce jar ƙasar nan ta Yawunde tana riƙe ruwa kamar mai riƙon gaba, sai an samo yashi. Malam ya ce a sayo wajen magina. Njidda ya ce wanda ya yi ɓarna shi zai ɗebo.

Suka shiga taksi zuwa Etoudi, suka ratsa kasuwar shanu, suka fita ta baya inda gari yake ƙarewa ciyawa ta fara. Can garken Njidda yake kiwo kafin a sayar. Malam yana cikin farar riga da takalmi sau ciki, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Njidda ya ce, "Cire takalman."

"Don me?"

"Ƙafa ma tana gani, kai ne ka rufe mata ido."

Ya cire. Shekara arba'in rabon tafin ƙafarsa da ƙasa in ba ta masallaci ba, sai ya riƙa tafiya kamar kaza a kan garwashi.

"Yanzu ina yashin?"

"Ban sani ba. Tambayi shanu. Saniya ba ta yi makaranta ba, amma ba ta kwanciya inda ruwa yake kwana. Zauna ka ga inda za su kwanta."

Malam ya zauna a kan wani kututture ya zuba wa shanu ido. A Etoudi ba a yi wa saniya irin wannan kallon a banza, saboda haka ba a jima ba wani dillali ya biyo su. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, wallahi idonka ya san nama. Waccan farar ko?" Malam ya ce yashi yake nema. Dillalin ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Njidda, ya yi masa addu'ar samun sauƙi ya tafi.

Ba a daɗe ba kuma Malam ya gano dalilin da ya sa babu wanda ya riga shi zama a kututturen. Hanyar kwarkwasa ce. Sai da suka kai inda ba a faɗa sannan suka sanar da zuwansu gaba ɗaya. Mutumin da bai yi rawa ranar aurensa ba ya yi ta a gaban shanu sittin, riga a hannu. Njidda yana tsince masa su a baya yana cewa, "Da Adda ta ga wannan, da ta yafe maka komai."

Bayan wannan Malam ya duba ƙasa sosai kafin ya sake zama. Rana ta yi sama. Zafin cizon ya lafa. Babu mai jiran wasiƙa, babu abin bugawa. Ya ji shanu suna tsinkar ciyawa, kowace da irin ƙararta. Ya ga balbelu suna bin sawunsu. Can ya lura da wani sauti da yake ta kai da komo kusa da shi, ya saurara, ashe numfashinsa ne. Tun ranar Talatar nan ƙirjinsa yake a ɗaure kamar an ja zaren buhu, a nan ya ji ya ɗan saki. Bai gaya wa Njidda ba, don kada ya samu abin faɗa.

Da rana ta take, shanun suka bar fadama ɗaya bayan ɗaya, suka hau wani ɗan tudu a gefen rafi suka kwanta. Malam ya bi su. Tun kafin ya sunkuya ƙafarsa ta gaya masa ƙasar ta sauya. Njidda ya nuna masa yadda ake gwadawa: a dunƙula ƙasa a hannu a buɗe, in ta zauna curi mai riƙo ce, in ta wargaje ita ake nema. Ta wargaje. Suka cika rabin buhu, suka ƙara da busasshen kashin shanu. Wajen bambance busasshe da ɗanye ma ƙafar Malam ta ƙaru da ilimi.

Suna ɗaure buhun Malam ya ɗaga kai. Iska ta juyo daga wajen duwatsu da wani sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce, "Ruwa na zuwa."

Njidda ya dube shi. "A wane littafi ka gani?"

Malam ya sunkuya ya ɗauki buhun ya ɗora a ka.

Direban taksi na farko ya sansana buhun ya ce da Faransanci motarsa ba turke ba ce. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Haka suka tako da ƙafa har Briqueterie, ruwa ya same su a hanya ya kuma bar su a hanya. Mutanen unguwa suka ga Malam Abdussamad, mai rubuta wa manyan ofisoshi takarda, ba takalmi, buhu a ka. Gali tela ya gaya wa Inna Saudatu cewa dama mutuwar mace takan taɓa wasu.

Suka kwantar da duron. A ƙasansa akwai huda uku, duk sun toshe da tsatsa da laka. Malam ya tuna yadda kowace Juma'a Zinariya take durƙusawa da tsinken ƙarfe tana zungurar gindin duron, shi kuma yana tambayarta ko zinariya ta binne a ciki. Njidda ya ja itacen, ya fito ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, tana narkewa a hannu kamar dafaffiyar kuɓewa.

Malam ya ce, "Ya mutu ke nan?"

"Uwar ta mutu." Njidda ya duba rassan ɗaya bayan ɗaya yana kankare su da farce. A can sama ya sami uku da sauran kore a ƙarƙashin ɓawo. Ya miƙa wa Malam wuƙa ya nuna masa yadda zai yanka a karkace. "Haka Adda ta zo da shi. Ko ya kama, ko kada ya kama."

Suka buɗe hudojin, suka jera gawayi da fasassun kasko a ƙasa, suka zuba yashi da taki, Malam ya soka rassan da hannunsa.

"Ruwa fa?"

"Rabin buta yau. Bayan wannan, duk lokacin da ka ji kana son ba shi ruwa, ka je ka sha da kanka."

Kwana biyu bayan haka Njidda ya sayar da shanunsa ya koma arewa. Malam ya mayar da dutsen alwala inda yake a da. Inna Saudatu ta karɓi aikin muciya ba tare da an roƙe ta ba.

Reshe na farko ya bushe cikin mako ɗaya. Na biyu ya yi baƙi daga ƙasa. Na uku ya tsaya kawai, tsinke a cikin yashi, bai mutu ba bai yi rai ba. Kowace safiya kafin ya fita Malam yakan zauna gabansa shiru, shi da ƙadangaren nan. Ya koyi duba bango ko tururuwa suna hawa. In suna hawa, ya buɗe lemar ya ɗaure a kan duron, ya fita da jarida. Babu wanda ya yi masa magana a kai, abin da ya fi magana ciwo.

Wata ranar Laraba tururuwa suka yaudare shi, ko kuma shi ne bai duba da kyau ba. Ya fita da lemarsa gari garau. Yana tsakiyar buga wa wani tsohon soja takardar neman wa ɗansa aiki, sai iskar nan ta Etoudi ta taɓa masa wuya. Ya tsaya a tsakiyar kalma. Ya ce wa marubucin da ke kusa da shi ya duba masa tafireta, ya suri lema, ya tattare riga.

Tsohon sojan ya ce, "Malam, takardata fa?"

"Ɗanka ya shekara biyu ba aiki, zai iya ƙara awa ɗaya!"

Yana da shekara hamsin da shida, ya ratsa layin teloli da na masu tsire a guje, lema a rufe a hammata, ɗigon farko yana dukan ƙeyarsa. Ya faɗa tsakar gida daidai lokacin da sama ta ɓalle. Ya nemi igiyar ɗaurin lemar, babu, wani ya yi shanya da ita. Sai ya buɗe lemar ya riƙe ta da hannu a kan duron, shi kuma ya tsaya a waje, ruwa yana shiga ta wuyan riga yana fita ta ƙafar wando.

Inna Saudatu ta leƙo daga ƙofar ɗakinta. "Malam, ba kai ne kake cewa itace ba ya mura ba?"

"Inna, shiga ciki kada ki jiƙe."

"A'a, ina nan. Shekara ashirin da biyu nake jiran wannan."

Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai idonsa ya sauka a kan tsinken. A gefensa, ƙasa kaɗan da inda wuƙa ta yanka, ga ganye biyu, kore shar, ko kunnen ɓera ya fi su girma. Ya daɗe yana kallonsu. Hannunsa ya gaji, ya sauya hannu. Ruwan da ke bin fuskarsa ya yi masa rana, don babu mai iya cewa ga na sama ga wanda ba na sama ba.

A gindin mangwaron nan ya rubuta wa mutane wasiƙun ban haƙuri sun fi dubu, zuwa ga iyaye da surukai da masu gida, kuma yawancinsu sun yi aiki. Tasa ce kaɗai ba ta da adireshi. Ba ta ma da tsawon da za a ɓata takarda. Da ya faɗe ta ko sau ɗaya a wata damina, a bakin ƙofa, jarida a ka, da ta wadatar:

Zinariya, ke ce da gaskiya. Ɗauki lemar.